Raka'a ta Biyar da Igiya ta Huɗu

Zuwa ga mahaifina, Malam Inuwa, limamin ƙaramin masallacin lungunmu a Kabara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, tare da fatan kana kwance cikin ni'imar Ubangiji, ina sanar da kai cewa Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Masallaci yana hannun na'ibinka Malam Tijjani. Buzunka kuwa yana nan a zaure inda ka bar shi, ba wanda ya yi ƙarfin halin naɗe shi.

Dalilin wannan takarda abu biyu ne, Baba. Na farko albishir: an ɗaura min igiya ta huɗu a kafaɗa, na zama kyaftin. Na biyun shi ne mai nauyi. Na yi maka ƙarya wata uku kafin rasuwarka, kuma har yau ba ta bar ni na sake ba.

Bari in fara da littafin nan mai baƙin bango, wanda muke rubuta awannin tashi a ciki. Ka san shi sarai. Duk ranar da na zo gida, kafin Inna ta aiko da ruwa ka miƙa hannu ka ce, "Ina allon naka?" Ba ka karanta boko, amma sai ka ɗora tabarau ka bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na nuna maka yadda yake: nan ranar tashi, nan garin da aka bari da wanda aka sauka, nan awannin da na yi da malami, nan waɗanda na yi ni kaɗai. Ba ka damu da lissafin ba. Idonka kullum yana kan gurbin ƙarshe, inda babba yake sa hannu, tambayarka kuma ɗaya ce: "Wa ya shaida?"

Da na gama makarantar tuƙi na dawo da awa ɗari biyu da 'yan kai, ina tafiya kamar na sayi sararin samaniya. Ashe a wajen masu jirage awa ɗari biyu ko cikin cokali ba ta kai ba. Duk inda na kai takarda sai a ce in je in ƙaro awanni. To a ina zan ƙaro su, tunda ba wanda zai ba ni jirgi sai na ƙaro su? Shekara biyu na yi ina zaman rumfar Kawu Sule a kasuwar Kurmi, ina jera jakunkuna da takalman fata. 'Yan layin suka sa min suna Kyaftin na Benci. In jirgi ya gifta ta sama sai wani ya ɗaga murya ya ce in yi sauri an tafi an bar ni. Ina dariya tare da su, amma wallahi abin yana cina.

A lokacin ne wani abokin karatuna ya ba ni shawarar in ƙara awannin da biro, wai wa zai bi diddigi. Na kawo maka zancen a fakaice, kamar labarin wani. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce wanda ya tsallake shafi a hadda, ranar tilawa zai gamu da shi a gaban jama'a. Ban sake tayar da maganar ba.

Daga baya Allah ya kawo aikin koyar da ɗalibai a ɗan ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya. Tashi, zagaya fili, sauka, a sake tashi, har kai ya yi jiri. Da minti arba'in da minti hamsin na tara su, kamar mai tara ruwan sama a kofi. Sannan na samu shiga babban jirgin fasinja a matsayin mataimaki, igiya uku, kujerar dama.

Ka tuna yadda na yi maka bayanin kujerun? Na ce kyaftin yana hagu, shi ke da magana ta ƙarshe. Mataimaki yana dama, yana tuƙi shi ma, amma yana ƙarƙashi. Wani lokaci kyaftin yakan sakar maka ragamar tafiyar gaba ɗaya, kai za ka duba yanayi, kai za ka yanke yawan mai, kai za ka ce a tashi ko a jira, shi yana kallo. In an sauka lafiya ya sa hannu, a lissafa maka su cikin awannin koyon jagoranci. Ka yi murmushi ka ce, "Ashe liman da mamu ne." Tun daga ranar ba ka sake cewa kyaftin ba. Sai ka ce yaushe za a ba ni limancin jirgin, domin ranar za ka hau, ko Abuja ce a kai ka a dawo da kai.

Shekara shida ina kujerar dama, Baba. Na iya hanyar Kano zuwa Legas har na san inda gajimare ke taruwa da damina. Duk sanda muka nufo gida ina leƙen cikin gari, in nemo dutsen Dala, in bi da ido har in yi kirdadon rufin gidanmu. Ban taɓa gano shi ba, amma kullum sai na ce maka na gani, kai kuma ka ce ƙarya nake, mu yi dariya. Wannan ba ita ce ƙaryar da nake nufi ba.

Awannina sun cika. Aka kira ni gwajin zama kyaftin. Ana yin sa ne a cikin na'ura mai kama da kan jirgi sak, tana motsi tana ƙara, ana ƙirƙiro maka hadari da lalacewar inji. Aka zaunar da ni a hagu. Wanda ya zauna a dama a matsayin mataimakina shi ne mai gwajin, Kyaftin Garba, dattijo mai furfura, kusan sa'anka. Tun ina ɗalibi nake rusuna masa.

Muka nufo sauka cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Doka a fili take: in ka sauko zuwa wani tsayi ba ka ga titin jirgi ba, ka tashi sama ka sake shiri. Muka kai wurin, ban ga komai ba. Hannuna yana kan abin ƙara wuta. Sai dattijon ya ce, cikin sanyin murya, mu ƙara sauka kaɗan, ai ya san filin nan, yanzu zai bayyana. Na san ba daidai ba ne, Baba. Na sani kamar yadda na san sunana. Amma mai furfura ne ya faɗa, sai na ji bakina ya yi nauyi, na bi shi.

Nan take ya tsayar da na'urar. Ashe tarko ne ya ɗana min da gangan. Ya cire abin kunnensa ya ce, "Habibu, ka kashe mutane da ladabi." Aka ba ni wata shida in sake shiri. A wajenmu dama biyu ce. In ka faɗi ta biyun, sai ka daɗe a kujerar dama kana kallon waɗanda ka koya wa aiki suna wuce ka.

Na zo gida ranar Juma'a. Ka karɓi littafin, ka bi layukan, ka tambayi zancen limanci. Na ce awannin ne ba su cika ba tukuna. Ka daɗe kana kallona, sannan ka rufe littafin ka ce Allah ya cika. Wata uku bayan nan muka ɗauke ka zuwa makwancinka, ka tafi ba ka hau jirgina ba.

Ka san me ya hana ni faɗa maka gaskiya? Ka riga ka koya min wannan karatun tun ina ɗan shekara goma sha shida, kuma na yi kunyar ka ji ban riƙe ba.

La'asar ce. Kana limanci, a bayanka akwai ni da tsofaffi uku, har da Alhaji Mamman mai turare da ba ya ji sosai. Ka miƙe raka'a ta biyar. Na ƙirga, na san ta biyar ce. Abin da ake so kawai in ce subhanallah ka koma ka zauna. Amma yaya ɗa zai gyara wa ubansa a gaban dattawa? Na ja bakina na miƙe tare da kai. Bayan sallama aka shiga kokwanto, ka juyo ka tambaye ni, na ce biyar aka yi. Ka ce yaushe na sani. Na ce tun da ka miƙe.

Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Mu da muka manta, ba'adi ya ishe mu. Kai da ka sani ka bi, taka ta ɓaci. Tashi ka sake." Na tsaya ni kaɗai a gefen masallaci ina rama la'asar, tsofaffi suna lazimi suna satar kallona. A hanyar gida ka ƙara da cewa mamun da ya bar limaminsa cikin kuskure ba girmama shi ya yi ba.

Bayan sadakar arba'in ɗinka na koma bakin aiki da wannan la'asar a zuciyata. Na fara koya wa bakina magana. In na ga abin da bai yi min ba sai in faɗa, ko wane ne a hagu. Wasu suka haɗe rai, wasu suka yi godiya, ba wanda ya cinye ni.

Ranar gwaji na biyu Kyaftin Garba ne dai. A wannan karon a kan maganar mai ya ja ni, wai zai ishe mu mu ci gaba da jira a sama har hadari ya wuce. Na ce a'a, ranka ya daɗe, juyawa za mu yi zuwa wani filin, kuma na juya. Ya yi gardama har da tsaki, ban saurare shi ba. Da muka fito ya sa hannu, ya dafa kafaɗata.

Ranar Talatar da ta wuce na yi tashina na farko a matsayin liman. Mataimakiyata wata yarinya ce, Hauwa'u, ba ta fi shekara ɗaya da fara aiki ba. Muna hawa, hasumiyar filin jirgi ta ba mu tsayin da za mu tsaya, na murɗa lambar da ba ita ba. Ta ce, "Kyaftin, ba haka aka ce ba." Kai, Baba! Har na buɗe baki zan musa mata. Sai na duba, ashe ita ce da gaskiya. Na gyara, na yi mata godiya, kuma har zuciyata na yi ta. Abin da na hana ka ranar la'asar ke nan.

Da muka sauka na buɗe littafin na rubuta awa ɗaya da minti biyar a gurbin jagoranci. Yanzu ba a buƙatar wani babba ya sa min hannu. Na daɗe ina kallon gurbin ƙarshen nan fayau, ina jin tambayarka. Washegari na zo Kabara, na shiga zaure, na buɗe shafin na ajiye a kan buzunka. Inna ta leƙo ta gan ni, ta koma ciki.

Na yi kewarka, Baba, ƙwarai da gaske. Awannin sun cika tun wancan lokacin, ni ne ban cika ba. Ka yafe min.

Ya Allah ka jiƙan Malam Inuwa, ka yalwata kabarinsa, ka karɓi duk sallar da ya ja mu, har da mai raka'a biyar. Ka ba ni na bayan da za su gyara min in na karkace, ka ba ni kunnen jin su, ka sauke duk wanda ya hau bayana lafiya. Amin.

Naka har kullum, mamun da ya tashi ya sake,
Habibu.