Lambar tsohon faifai a hannuna

Daren Laraba, Rano

Yau na ɗora kwamfutar marigayi Yaya Sani a babur na kai wa Malam Habu mai gyara a bakin kasuwa. Faifan ajiyarta ya kwana biyu yana ƙas-ƙas kamar ɓera a rumbu. Malam Habu ya kwashe komai ya zuba a sabon faifai, amma manhajar da Yaya yake buga katin biki da ita ta ƙi buɗewa. Ga shi kuwa duk zanensa a cikinta yake.

Malam Habu ya ce, "Kwantar da hankalinka. Manhajar lambar tsohon faifan ta sani, wannan sabon baƙo ne a wurinta." Ya karanto lambar na rubuta a bayan hannuna, sannan ya goge ta sabon ya saka masa ta tsohon. Muka kashe muka kunna, sai ga ta ta buɗe. Katin da Yaya bai ƙarasa ba ne ya fara fitowa, na wasu mutanen garin Durba, da korayen furanni a gefe, wurin sunan amarya wayam. Na daɗe ina kallo, har na riƙa jin ƙamshin turarensa a shagon.

Da na ba Inna labari ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Ashe mayar da suna kuka yi, kamar na jariri."

Tsohon faifan na naɗe shi cikin hular Yaya. Alwala uku na yi tun ɗazu, lambar ba ta gama fita daga hannuna ba, ni kuma na ƙi cuɗawa.