Addu'ar da Baba Zai Yi wa 'Yan Majalisa

Fatakwal, ran Talata.

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da mutanen gida? Ni lafiya lau, ina dako a kasuwa. Saran da aka yi min a ka ya kusa warkewa, sai in rana ta take yake ɗan zugi.

Ƙanwata Aina'u ta ce ɗan majalisarmu ya aiko ka je ka yi wa 'yan majalisa addu'a kafin su zauna kan yanka gonakinmu filoti, kuma ka amsa. Haba Baba! Mutumin da yaransa suka bi dawarmu da katafila, suka sare ni har na bar gari? Wallahi da ina nan, sai an ɗauki gawa, tasu ko tawa.

To, na san ba ka tsinuwa. Ka je. Ka roƙa musu hikima da adalci da tausayi, ko sa bar mana gonar. Ni ma zan cije in ce amin. Amma hannun nan da suka karya maka da gora, kada ka ɓoye shi cikin riga. Ka ɗaga shi da ɗorinsa, kowa ya gani.

Ɗanka,
Zubairu