Hoton Baba a Teburin Matattu

Pachuca, 3 ga Oktoba, 1984

Yaya Hermelinda,

Gaisuwa mai yawa. Ya zafin Veracruz, ya yara, ya gwiwar maigidan? Na samu saƙonki cewa in nemo hoton Baba don teburin Ranar Matattu, ranar da mamata ke ziyartar gida, tunda bana ce ta farko da zai zo mana baƙunta.

Yaya, na birkice gidan nan kaf. Ruwan da ya ci ɗakin Mama ya tafi da hotunansa duka. Abu ɗaya ya rage, hoton tallan fim ɗin da ya fito a ciki, Dodon Ramin Azurfa kashi na biyu. Na san kin taɓe baki. Amma Baba ne a cikin rigar robar dodon nan, daga kai har ƙafa. Kuma kowa ya san na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba. Dodon farko, wancan ɗan wasan mai ji da kai, ba abin da ya iya sai gurnani da fasa ƙofa kamar mashayi ranar Asabar. Na Baba kuwa tafiya yake kamar mutumin da ya gaji da tsorata mutane.

In aiko?

Ƙanenki,
Nicanor

Veracruz, 11 ga Oktoba

Nicanor,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Kada ka aiko.

Kai kana goye lokacin, ba ka san komai ba. Ni ce na shekara ana bina da "'yar dodo" a makaranta. Ni ce nake riƙe wa Mama kwano tana jiƙa masa fuska da ruwan ɗumi, saboda gam ɗin da ake manna masa fuskar dodo da shi yana tasowa ne haɗe da fata. Ban kalli fim ɗin nan ba, ba kuma zan kalla ba.

Sannan ka yi tunani. Mamaci da hotonsa yake gane wurinsa. Baba zai biyo furanni tun daga maƙabarta, ya iso da yunwa, ya tarar da wani abu mai haƙora zaune gaban tamalensa, alalen masarar nan da yake so, da kofinsa. Ya ce me? Ya ce 'ya'yansa ba su tuna fuskarsa ba? Gara in bar gurbinsa da kyandir kawai kusa da hoton Mama.

Allah Ya shirye ka.

Yayarka,
Hermelinda

Pachuca, 19 ga Oktoba

Yaya,

Na gode da addu'a, ina buƙatarta. Ina gaida kowa.

Ba zan yi miki gardama ba, ban taɓa cin riba a kanki ba. Amma kyandir ba shi da fuska, Yaya. Mama na da hoto, Kawu Crisóforo da bai taɓa tsinana wa kowa komai ba yana da hoto har da gilashi, sai Baba ne zai zo ya yi ta dube-dube?

Akwai abin da ban gaya miki ba. A makonsa na ƙarshe, yana kwance, ya ce da ni, "Kai, Melinda ta taɓa ganin fim ɗin kuwa?" Sai kuma ya ce, "Ba komai. Na farkon ma shi mutane suka fi sani." Ya juya bango. Har yau maganar nan tana ci min rai.

Gidan sinima na kusa da kasuwarku yana nuna tsofaffin finafinan tsoro a ƙarshen wata, har da na Baba. Ki je ki gani da idonki. In kin fito kika ce a'a, bakina ya mutu.

Nicanor

Veracruz, 27 ga Oktoba

Ƙanena,

Na je jiya da yamma. Samari ne cike, suna ta ihu. Wani a bayana yana cewa, "Kai, wannan dodo ko kakana ya fi shi sauri!"

Akwai inda dodon ya fito daga rami cikin ruwan sama, ya zo ƙofar gidan wata mata. Maimakon ya fasa, sai ya tsaya ya goge ƙafafunsa a dokin ƙofa, dama sannan hagu, yadda Mama ta koya masa. Sinima ta kwashe da dariya, wani ya ce, "Dodo mai tarbiyya!" Ni kuwa kuka na yi har matar kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, ai wasa ne."

Na zauna har ƙarshe ina jiran sunayen waɗanda suka yi fim ɗin. Har mai dafa wa 'yan wasa abinci an rubuta. Babu sunan Baba.

Ka ba direban motar da ya kawo maka wasiƙar nan hoton. Zan rubuta sunansa a ƙasa da hannuna, da manyan haruffa, don kada ya wuce.

Yayarka,
Melinda