Ba Zan Sayar da Jarina na Kamfanin Sabulu Ba

Zuwa ga ɗana, babban gida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar mahaifiyarka da takan motsa in ta daɗe a tsaye. Albishirinka, ƙanwarka Auta ta sauka ranar Talata, an sami mace, mai murya kamar ta kakarta. Tun ranar bakina bai rufu ba. Na ce wa tsohuwa na yi sabuwar amarya, ta ce yarinyar ba za ta kula mai haƙori huɗu ba.

To, sai maganar dillalin da ka turo mini. Ya zo da takardar sayar da hannun jarina na kamfanin sabulu, ya ce farashi ya faɗi, in rabu da shi tun da sauran dama. Har da tawadar dangwala yatsa ya taho da ita. Na ce masa ya mayar da abarsa jaka. Ina da shekara hamsin na zauna a bencin makarantar yamma bayan na tashi daga aiki, ba don wani ya nuna mini wurin dangwale da tsufana ba. Na karanta shafi ukun nan da kaina, ko da yake kwana biyu suka ci mini.

A makon nan kuma wasiƙar rabon riba ta iso, an ƙara a kan na bara. Ƙarin ba shi da yawa, amma ni ba yawansa nake dubawa ba. Shekara ashirin da bakwai na yi a bakin tukunyar dafa sabulu, na san halin manyan nan. Ba abin da suke gudu kamar su ƙara bana su rage baɗi, don ranar da suka rage kowa zai ce gidan ya tsage. In ka ga sun ƙara, sun leƙa gaba sun ga za su iya ɗorewa. Farashi kuwa surutun kasuwa ne, yau sama gobe ƙasa.

Ka ce mini a waya wani kamfanin bashi yake ci ya raba don ya rufe idon mutane. Gaskiyarka, ban musa ba. Shi ya sa na sa babbar rigata na je taron masu hannun jari, na ɗaga hannu na tambaya ko daga ciniki aka raba ko daga rance. Wasu suka yi dariya. Akantan kamfanin bai yi ba, ya ce in buɗe shafi na sha tara na rahoton shekara, na buɗe na bi da yatsa, daga ciniki ne. Duk da haka ban yarda da takarda kaɗai ba. Na je bakin ƙofar kamfanin lokacin tashi daga aiki, na zauna wurin mai shayi ina kallon ƙafafun ma'aikata. A zamaninmu in abu ya fara lalacewa, takalman aiki ake fara daina saye. Na ga sababbi fil, har a ƙafar masu shara.

Na san tausayina kake ji, Allah ya yi maka albarka. In wata shekara suka rage ba tare da bayani ba, ni da kaina zan kira ka. Amma bana ba zan sayar ba. Ga takardarka nan na haɗo a cikin ambulan, wurin sa hannu fari tas yadda ta zo.

Ka gaishe mini da surukata, da Mai Sunan Baba, da 'yan biyu. Mahaifiyarka da Auta da kawunka tela duk suna gaishe ku. Allah ya tsare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinka,
da hannuna na rubuta.