Irin da Ya Nutse

Zuwa ga yayana Thongbai,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan aikin Koriya bai takura maka ba, ciwon bayan nan kuma ya lafa. Kullum in na kai wa sufayen addinin Buda sadakar shinkafa sai na roƙa maka lafiya. Damina ta sauka, fadama ta cika, Inna Buaphan kuma tana nan da mitarta.

Yaya, ba zan yi kwana-kwana ba, maganar Baba ce. Da aka buɗe cikinsa watan jiya, ɗan yankin hanta kawai aka ɗauka aka ɗinke. Cutar da ta ɗauke Mama ce, dajin hantar nan da cin ɗanyen kifi ke kawowa. Likita ya ce wata uku suka rage masa, in an yi sa'a. Baba ya yarda a yi bincike da yankin, kuma duk ɗakin gwajinmu na asibiti ni aka miƙa wa. Aikin shi ne mu niƙa hanta, mu zuba a ruwan sukari mai kauri, inji ya juya ta. Kowace ƙwayar halitta tana da cibiya a tsakiyarta, wadda ta fi sauran naman nauyi, sai ta nutse ta bar shi a sama. A lafiyayyar hanta, ɗan kaɗan ne ke taruwa a gindin kwalba. A ta Baba kuwa ya ninka, don ƙwayoyin cutar sun cushe ko'ina.

Da na je gida ya tsare ni sai na faɗa masa abin da na gani. Ni da shegen bakina, na ce abin ya nutse da yawa. Wayyo, ka ga yadda fuskarsa ta washe! Ya ce ai shi ke nan, shekara hamsin yana zuba irin shinkafa a ruwan gishiri, mai kyau ne ke nutsewa, ƙaiƙayi ne ke tasowa. Har da tsokanata, wai na ƙare karatu ban san abin da kowane manomi ya sani ba. Na buɗe baki in gyara masa, na kasa. Kunya da baƙin ciki suna cina har yanzu.

Jiya ya jiƙa iri buhu biyu, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, wando na zamewa daga ƙugunsa. Ya ce in rubuta maka kada ka wahalar da kanka, ka bari sai girbi ku ci sabuwar shinkafa tare. To, ɗan aike ba ya laifi, na isar. Nawa saƙon kuma shi ne: girbi sai nan da wata biyar. Ka taho yanzu.

Ka gaishe mini da matarka Wanphen da 'yata Malai. Inna Buaphan tana gaishe ku, ta ce ka zo da baƙaƙen kayan makoki, amma ka sa su can ƙasan jaka, don Baba ne zai fara buɗe ta neman tsaraba.

Ƙanwarka,
Lamduan