Ɗaki Mai Taga Zuwa Unguja

Assalamu alaikum ƙanwata Zuhura,

Ya yara, ya ƙafar Mama? Ni ma lafiya lau a nan birnin Durban. Jinyar tsohuwar da nake wa aiki tana sa ni ciwon baya, amma alhamdu lillahi.

Na kama wa kaina wuri a jirgin ruwan yawon buɗe ido da zai biyo ta gida, ashe ɗaki marar taga na zaɓa. Na mayar da takardun hannun Fazila, wakiliyar tafiye-tafiye. Ta ce, "Haba Anti, shekara tara rabonki da gida, ki isa a rufe kamar kaya?" Ta samo mini mai taga.

Kullum sai na yi mafarkin tagar nan, ina ganin tsibirinmu Unguja yana tasowa daga ruwa. Awa shida kawai za mu tsaya. Don Allah ki kawo Mama bakin teku da koren mayafinta, in hango ta tun daga nesa.

Yayarki,
Mwanaisha