Bulalar Bayan Ƙofa

Baban yara,

Na kai Auta asibiti. Abincinka yana cikin kula.

Da safe ya zubar da shayi a kan littafin yayarsa. Ina wanka na ji ta sa shi ya durƙusa, ta karanto masa ayar horon nan da kake karanta musu, ta yi addu'a da irin muryarka, sannan ta ɗauko bulalar bayan ƙofa. Kafin in fito, ɗan yatsansa ya kumbura.

Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Don ina ƙaunarsa ne, Mama." 

In ta dawo daga makaranta kada ka taɓa ta. Bulalar tana jakata. Duk abin da ta yi, a wurinmu ta gani.